Tasin Don Nicanor

Sau huɗu Casilda tana fitar da tasin mahaifinta daga gida, sau huɗu motar tana mutuwa a wuri ɗaya, daidai ƙofar maƙabartar garinsu, Tlaxiaco, inda aka binne shi. Ba tari ba gargaɗi. Injin zai yi tsit kawai, motar ta gangara a hankali ta tsaya.

Wata uku ke nan da 'yan fashi suka ritsa mahaifin nata, Don Nicanor, da rana tsaka a bayan kasuwa, ya kashe mota yana cin tamal, wani irin alalen masara. Suka tura shi kujerar baya, ɗayansu ya ja. Ba nisa aka tsinci gawarsa a bakin titi, motar na gefe da makulli a jiki. Har yau ba wanda ya gane abin da ya sa suka kashe mutum suka bar abin da suka zo sata.

Mutanen gari kuwa, da ba a raba su da fassara, tuni sun yanke hukunci: mamaci bai yarda 'yarsa ta yi tuƙi ba. Mahaifiyarta ta ce in motar ta sake tsayawa a ƙofar nan, ranar Asabar za a sayar da ita. Casilda ba ta da wata sana'a, kuma ba ta da abin mahaifinta da ya wuce wannan motar. Tsoro take ji ƙwarai, don ita ma ta fara yarda.

An canza fis. An canza rile, ɗan baƙin akwatin da ke ba famfon mai wuta. An sauke tanki an sa sabon famfo. Kowane gyara sai motar ta tashi garau, a yi murna, washegari a turo ta daga maƙabarta.

Karo na biyar ba ta bari an turo ta ba. Ta je ta ɗauko Don Fulgencio mai wayarin, tsoho mai faɗan tsiya, ya zo da gulob ɗin gwaji a aljihu.

"Murza makulli, 'yata. Kin ji kukan famfo?"

"Ban ji ba, Baba."

"To famfo bai ci abinci ba. Wane jakin ne ya sa kuka sauke tanki?"

Ya dangwala gulob a ƙafar rile, ya kama. Ya je baya wajen tanki, bai kama ba. Ya yi tsaki.

"Duk wanda ya taɓa motar nan sai ya cire kan batir, ko?"

"Haka suke yi."

"Shi ya sa take tashi. Ubanki dai ko a raye ba ya fita da wuri, balle yanzu ya riƙa tare mota da sassafe."

Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana bin wayar famfo da yatsa. A ƙarƙashin kujerar direba wayar ta yanke, aka ɗaura ta da wata siririya ja wadda ba ta kamfani ba ce. Casilda ta gane naɗin. Haka mahaifinta yake naɗe komai, sau uku sannan ya lanƙwasa bakin. 

Jar wayar ta shiga wani ɗan akwati, ta fito, ta haura bayan sitiyari, ta ɓace a bayan hoton Budurwar Juquila, waliyyiyar da mutanen garin ke neman tsarinta, wanda ke manne a gaban mota. Don Fulgencio ya danna hoton. Wani abu ya yi ƙas, famfo ya fara kuka a baya.

"Maganin ɓarayi ne," ya ce. "Ka tayar, in ba ka danna nan ba, minti biyu wuta ta ɗauke, ba ta dawowa sai an cire kan batir an mayar. Daga gidanku zuwa nan minti nawa ne?"

Minti biyu ne cif, ta sani. Tun tana ƙarama take ganin mahaifinta yana taɓa hoton nan in ya tayar da mota, ya sumbaci yatsa, kamar kowane direba a garin. Fentin rigar Budurwar har ya goge a wurin. Ita kuwa daga nesa take yin alamar gicciye, don ba ta iya sa hannu inda nasa ya saba sauka.

Sai wani lissafin ya zo mata. Daga bayan kasuwa zuwa inda aka tsince shi, shi ma tafiyar minti biyu ce.

"Baba, mahaifina yana kujerar baya ranar. Da ya ce musu su danna…"

Tsohon ya shiga naɗe wayar gulob ɗinsa, bai ɗago ba.

Ta ga abin kamar tana wurin: mota ta mutu, bindiga a wuyan mahaifinta, suna tambayarsa, shi kuma ya yi shiru yana kallon hoton. Ta ji haushinsa ya cika mata ƙirji, haushi mai zafi irin wanda ba ta taɓa ji yana raye ba.

"A cire ko a bari?" Don Fulgencio ya tambaya.

"Cire shi duka, Baba."

Da ta isa gida mahaifiyarta na tsaye a ƙofa, ta ji ƙarar motar tun daga kwana.

"Babanki ya sake ki ke nan? Me ya ce yana so?"

Casilda ta kashe injin, ta daɗe tana riƙe da makullin.

"Waya ce ta tsinke, Mama," ta ce. "Ba ruwan Baba."