Mafarkin Hindu da kunnen Taibatu

Da ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyensu, aka kwashe su Hindu aka zuba a kan wani fako kusa da Maradun, inda ko kuɓewa ba ta yi. Mutane suka watse. Hindu ta zauna, don daga ƙofar ɗakinta tana hango ruwan da kabarin mijinta Sambo yake ƙarƙashinsa.

Ɗanta Malami, mai tebur a Talata Mafara, ya dame ta da ta koma wurinsa. Ita kuwa gani take in ta tafi ta bar Sambo shi kaɗai. Da abin ya ishe ta, ta yi istihara, aka kuwa nuna mata. Ta ga Sambo ya fito daga tsohon ɗakinsu, ya miƙa mata ƙunshin kayanta, ya ja asabari.

Sallama ce ko kora? Ta rasa. Ga shi mafarki ba a faɗa wa kowa sai masoyi, don fassarar farko ita ke binsa. Shekara da shekaru Sambo take faɗa wa nata. Maƙwabtan yanzu baƙi ne, kuma a cikinsu akwai Habiba, wadda ko wata ya tsaya sai ta ce ya karkace. Hindu ta yi ta yawo da mafarkinta a ciki, abinci ma ya daina shiga. Kaɗaici bai taɓa cinta irin na lokacin nan ba.

Sai ta tuna da Taibatu, ƙawarta ta ƙuruciya, da jikoki suka ɗauke zuwa Bakura. Ta hau mota.

Ta iske Taibatu a zaune tana ɓarar gyaɗa. Suka rungume juna, suka sha kuka. Matar wani jikan Taibatu ta ce, "Inna, sai kin ɗaga murya hwa. Tun da munka taho kunnen nata ya tahi."

Hindu ta dubi tsakar gidan, cike da mata da yara. In ta ɗaga murya, kowa zai ji, kowa kuma da bakinsa. Ta matsa kusa, ta kama hannun Taibatu, ta faɗi mafarkin a hankali tun daga farko har asabarin.

Taibatu ta zuba wa bakinta ido. Da ta ga leɓɓan sun tsaya, ga hawaye, sai ta matse hannun.

"Alheri na, Hindu. Ko mi na ne, alheri na."

Hindu ta san ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Amma an riga an fassara, kuma masoyi ne ya fassara. Da ta fito tasha, ɗan kamasho yana kiran Maradun. Ta tsaya ta saurara, sannan ta ce, "Yaro, ina motar Mafara?"