Babin Shanu

A shekarar da Faransa ta rufe iyakar Kano, ciwon huhu ya faɗo wa shanun ƙasar Guci. Saniya ta fara tari, ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, kwana kaɗan sai ta kwanta.

Mutanen wurin suna da dabararsu tun kaka da kakanni. In saniya ta mutu, a yanko huhunta, a tsaga doron hancin masu lafiya a cusa musu ɗan yanki. Hanci ya kumbura, wata ta sha wuya, amma yawanci ciwon ya tsallake su. Manu, maƙwabcin Ɗantsoho, ya yi wa nasa tun makon farko.

Ɗantsoho ya ƙi. Da girmansa ya koyi karatu, yana kiwo yana tare duk malamin da ya biyo hanya ya tambaye shi kalma ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne huhun mushe najasa ne. Yaya za a cusa najasa a jikin dabbar da iyali ke shan nononta? Kuma yana da abin jira. Maikano falke ya ba shi labarin littafin wani malamin Gabas, mai babi guda a kan cututtukan dabbobi da maganinsu. Ɗantsoho ya ba shi maraƙi don a kwafo masa a Kano.

Shanun goma sha huɗu ne, yawancinsu na Dada, mahaifiyarsa, gadon ubanta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, Manu ya ce akwai sauran huhu. Je ka karɓo."

"Dada, a yi haƙuri. Littafin na hanya."

"A hanyar ma a ƙafa yake tafe? Ubana bai san alifi ba, kuma shanunsa ne kake tatsa."

Manu ma in ya wuce sai ya ɗaga murya: "Malam, ka karanta musu wasiƙa su daina tari!"

Ɗantsoho ya yi ta juya maganar a ransa. In ya bi al'ada, ya aikata abin da yake ganin haram ne. In ya jira, dukiyar uwarsa yake sawa a bakin rijiya. Ya zaɓi jira, yana cewa ilmi ba ya yaudara.

'Yan duwan masu gadin iyaka suka tsare hanya, Maikano ya zaga ta daji, ya yi kwana arba'in. Ranar da ya iso, shanu biyar suka rage, huɗu na tari.

Ɗantsoho ya wanke hannu ya kwance gafakar littafin. Rubutu mai kyau, jar tawada da baƙa. Ya wuce babin taurari, ya wuce babin mafarki, har ya kai babin dabbobi. Warƙa tara a kan raƙumi. Shida a kan doki, har da launin da ke kawo sa'a. Magungunan kuwa itatuwa ne da bai taɓa jin sunansu ba. Ya karanta wa Dada ɗaya, ita da ta san kowane haki daga Guci zuwa Bande.

"Wannan a lahira yake tsirowa?" ta ce.

Shanu layi biyu suka samu a ƙarshen warƙa: saniyar da tari ya kama ba ta da magani, mai ita ya gaggauta yanka kafin ta zama mushe.

Ya sake karantawa. Ya duba bayan warƙar, ko akwai ci gaba. Babin kiwon zuma ne.

"Maikano, ka karanta shi kafin ka yabe shi?"

"Ni? Haba Malam! Ni dai na ji ana cewa babba ne. Dubi kaurinsa mana."

Ɗantsoho ya so ya ji haushin marubucin, ya kasa. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya rubuta, a ƙasar da saniya ba ita ce rai ba. Maikano ma abin da ya ji ya faɗa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, zagayen ya dawo kansa.

Da la'asar jar saniyar Dada ta durƙusa. Ya wasa wuƙa, ya fuskantar da ita alƙibla. Dada ta shiga bukka ta saki tabarmar ƙofa.

Yana cikin fiɗa wani makiyayi daga Sassumbrum ya yi sallama, da ƙwarya a hannu. Ya ji an yi yanka, ya zo roƙon huhu don garkensa.

Ɗantsoho ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya yanko gefen da ciwon ya fi ci, ya sa masa.

"Yi sauri," ya ce. "Kada ka tsaya ko'ina."