Sifanar Mu'allim Ma

…kuma jinin ya ƙi tsayawa. Mukhtaru yana danne da hiraminsa a goshin Ding, hiramin ya jiƙe sharkaf, ɗumi na bin tsakanin yatsunsa. Ashe jinin ɗan Sin ma haka yake ƙarni. To da me ya zata?

Garejin nan na unguwar Kudai ya yi wayam, abokan aikinsa duk sun tsere. Mahadi ya haura katanga, Dawuda ya bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin bas ɗin alhazai. Duk marar iƙama, takardar izinin zama, ya san abin da ke bin bayan jini: motar asibiti, bayanta 'yan sanda, bayansu tarhil, a tusa ƙeyarka a jirgi. Shi da ya shekara talatin da ɗaya a Makka ba shi da takarda ko ta ƙunshe ƙosai, wai shi ne a durƙushe.

Ga Mu'allim Ma can zaune kan taya, tsohon makanikin da kamfani ya ɗauko daga Sin, sifanar na hannunsa har yanzu. Mutumin da suke haɗa sahu kowace azahar. Shekara uku yana miƙa wa maigidansa shayi da hannu biyu kafin a bar shi ya taɓa inji — sau nawa ya ba su labarin nan da gurgun Larabcinsa? Ɗazu ya kafa sukundireba a jikin inji, ya kara kunne, ya ce famfo ne. Sai Ding, ɗan ƙasarsu, sa'an jikansa, injiniya mai digiri, ya jona kwamfuta ya ce waya ce ta tsinke. A gaban leburori. Kuma wayar ce. Biyar na bugawa Ding ya saɓi jaka, tsoho na kiransa, ya nuna masa agogo ko kallonsa bai yi ba…

Ƙwas. Sifanar a goshin Ding, kamar an taka ƙwarya.

"Baba, wannan ba aiki ba ne, bauta ce." Nawaf, ɗan Mukhtaru na fari, a ɗakinsu na unguwar Jarwal, ranar da ya ce ya bar gareji. Bel ɗin da ya zabga masa, ƙarfen bakinsa, matarsa Rumasa'u na rataye a hannunsa tana roƙo, shi ko ji ba ya yi. Shekara biyu ke nan yaron bai tako gidan ba.

Jiniya daga nesa.

"Mu'allim, ta'al. Zo ka riƙe nan, don Allah."

Tsohon yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi. Ba zai taso ba. In Mukhtaru ya ɗaga hannu jinin zai yi tsartuwa, ya gwada sau ɗaya, ya gani. In bai ɗaga ba, wa zai gaya wa Rumasa'u? Kano kuma… wa ya rage masa a Kano?

Shi Mukhtaru ne mafi kusa lokacin da sifanar ta tashi sama. Taku ɗaya. Ya ga hannun, ya san inda za shi, yana iya cafke shi. Bai motsa ba. Can cikin ransa wani abu ya ce yawwa, a koya masa hankali — ya ji shi sarai, da muryarsa.

Jiniyar ta mutu a bakin ƙofa. Katangar na nan, taku goma, har yanzu da sauran dama. Ding ya damƙe masa wuyan hannu yana kiran wani da yarensu, wataƙila ubansa. Mukhtaru ya ƙara dannawa.