Tartsatsin da Ya Ƙi Tashi Sama

Mai Fanka da naɗin waya yake ci: a kawo masa fankar da ta ƙone, ya warware ta, ya naɗa mata sabuwa. Amma abin da ya daɗe yana ransa shi ne na'urar da ke haifar da walƙiya a ɗaki. Dogon bututun roba ne a tsaye, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla daga gindi har wuya, da ƙwallon ƙarfe a ka. In an ba ta wutar lantarki, daga ƙwallon nan tartsatsi ke tashi.

Da ya haɗa tasa, ba ta yi haka ba. Da ya ja ƙofar shago ya kunna, sai tartsatsin ya gangaro ta jikin bututun a miƙe, kamar an shata masa hanya, ya bar warin ƙonanniyar roba. Ya sake gwadawa, nan dai ya bi.

Ya warware wayar duka. A ƙarƙashinta ga ƙuna siririya, daga ƙarshenta kuma ga ragowar layin fensir. Baƙin fensir yana ɗaukar wuta, shi ne ya yi wa tartsatsin titi.

Yayansa ne ya ja layin. Kafinta ne, amma tun da hannunsa ya fara rawa aka daina kawo masa aiki. Wannan bututun ne abu na farko da wani ya roƙe shi bayan dogon zama. Ya yanka, ya goge, ya ja masa layi yadda yake ja wa katako.

Mai Fanka ya zauna da bututun a cinya. Zai iya canza shi a ɓoye, Yaya ba zai taɓa sani ba. Haka ake yi masa a gida: ya buga ƙusa, 'ya'yansa su bi baya su gyara, su ce aiki ya yi kyau. Tausayi ne wannan, ko raini ne aka sa wa riga? Wanda ba a gaya wa kuskurensa, ai an riga an cire shi daga cikin masu aiki.

Da Yaya ya shigo bayan azahar, sai ya miƙa masa bututun.

"Fensirinka ne ya ƙona ta, Yaya."

Yaya ya bi ƙunar da babban yatsa.

"Tun kana rarrafe nake ja wa katako layi, bai taɓa kama wuta ba."

"Katako ba ya shan irin wutar da wannan ke sha."

"To kai da ka ga layin ka naɗa waya a kai, idonka aro ka bayar?"

Mai Fanka ya yi dariya, ya ɗauko takardar goge katako. Yaya ya ture hannunsa.

"Ƙunar ta shiga ciki, kuma gawayi ɗan'uwan fensir ne. Kawo wani bututun, da zare."

Da zare ya yi alama wannan karon, ya riƙe shi da haƙori saboda hannun. Suka yi ta naɗi har washegari da hantsi.

Mai Fanka ya ja ƙofa, ya kunna. Tartsatsi shuɗi ya tsage daga ƙwallon ya yi sama, yana rassa, yana ƙara kamar ana yaga sabon yadi, har ya kusa lasar rufi. Jikin bututun ko ɗigo.

Yaya bai ja da baya ba. Da aka kashe, ya gwada na'urar da ƙugunsa, ya taɓe baki.

"Gajera ce. Nemo min bututu mai tsawona."