Rijiyar Bi Chausiku

Tunda Mzee Kibwana ya rasu, 'ya'ya kuma suka watse neman abinci, ba abin da ke kawo ƙafar mutum gidan matarsa Bi Chausiku sai rijiyar tsakar gidanta. Da hantsi mu matan layin mukan cika wurin da bokitai, ana jan ruwa ana gulma, ita tana kan benci tana kankare kwakwa, tana tsoma baki a abin da bai shafe ta ba. Muna watsewa, gidan ya yi tsit sai kuma gobe.

To mu a Tandale, in salga ta cika ba a kiran motar kwasa. Jira ake ruwan sama ya tsuge, a zare bulo ɗaya daga gindinta, ambaliya ta tafi da kayan. Shi muke ce wa amayar da ita. Kowa na yi, kowa na toshe hanci yana zagin maƙwabci.

Da amai da gudawa ya kwantar da yaran layin, duba-gari ya zo. Ya dubi salgarta, ya dubi rijiyar, ya girgiza kai.

"Iya, sun yi kusa. Ƙasar nan rairayi ce, abin da ya shiga can, nan yake fitowa."

"To in na cike salgar fa, ɗan nan?"

"Ke ki zagaya ina?"

"Wannan kuma ba ruwanka."

Ta kuwa sa aka cike ta da ɓaraguzai. Tsohuwa da ciwon gwiwa, ta koma bin gidajenmu da buta tana sallama. Wallahi ni nake jin kunya, ita ko a jikinta.

Aikin banza. Ta kowace katanga salgar wani na jingine da gidanta, kuma cikinmu ba wanda ya cike tasa. Da aka auna ruwan, sai aka toshe rijiyar da siminti, aka tura mu famfon bakin titi.

Yanzu can muke layi. Kullum sai ka gan ta da ɗan bokitin da bai fi na alwala ba. In layi ya zo kanta, sai ta ja baya. Abin na sosa mini rai.

"Iya, tara mana, ke ce a gaba," na ce mata jiya.

"Wuce, 'yar nan," ta ce. "In na tara, sai tafiya gida."