Zagayen Ƙarshe na Orville Haugen

Ran Asabar ɗin da aka yi gasar karnuka a filin baje kolin garinsu, Desmond Pruitt ya ɗaga hannu ya juya yatsa a sama, maƙwabcinsa ya mutu.

Desmond ne alƙalin gasar. Tun da matarsa ta rasu bai ajiye komai a rayuwarsa ba sai littattafai da duba karnukan mutane, kuma a ganinsa karnukan sun fi masu su hankali. Orville Haugen kuwa, wanda katangar katako kaɗai ta raba gidajensu, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiwon Newfoundland, manyan baƙaƙen karnukan nan masu gashi kamar bargo. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Yanzu zuciyarsa ta lalace, likita ya hana shi ko hawa bene, sai kuma ga Tug, karen da ya fi duk wanda ya taɓa kiwatawa.

Ana gobe gasa, Orville ya jingina da katanga yana haki.

"Farfesa, ajiye littafin nan ka saurare ni."

"Ina jin ka. Ai numfashinka ya riga ka sallama."

"Marlys ta zo ta same ka, ko?"

Marlys 'yarsa ce. Ta zo kuwa, har da kuka, tana roƙon kada ya sa babanta gudun zagaye fili da karen.

"Ka bar ta ta riƙe karen mana," in ji Desmond. "Ƙafafunta lafiya lau."

"In ba ni ba ne a gefensa, tafiya yake kamar saniya, kai ma ka sani. Kuma wallahi in ka miƙo mini ƙyallen nasarar nan don tausayi, a gaban jama'a zan jefa maka shi a fuska. Ka yi mini yadda kake yi wa kowa."

"Kowa wulaƙanta shi nake yi."

"To, haka nake so."

A filin, Desmond ya bi karnukan ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya cusa yatsu cikin gashi ya laluba kafaɗa da ƙirji da ƙugu, don gashi yana ɓoye aibi, ƙashi ba ya ɓoyewa. Ya ɗora hannu a kan Tug, ya laluba ko'ina. Babu abin kushewa. Zagayen farko Orville ya yi shi da ƙyar, leɓensa ya yi fari.

Aka tace, saura biyu: Tug da wata karya ta wani saurayi daga garin Fargo. Al'ada ce in an rage biyu a sa su sake zagaye kafin alƙali ya nuna wanda ya ci. Desmond yana da ikon tsallake wannan. Marlys ta kama igiyar shinge da hannu biyu tana girgiza masa kai. Ya dubi Orville. Tsohon ya kafe shi da ido, ya ɗaga haɓa.

Desmond ya juya yatsa, alamar a sake zagaye.

Orville ya yi gudu. Ba gudun kirki ba ne, jan ƙafa ne, amma Tug ya miƙe a gefensa, bayansa a shimfiɗe, ƙafafunsa suna cin ƙasa ba sauti. 'Yan kallo suka fara tafi. Suka dawo wurinsu, Orville ya gyara wa karen tsayuwa, ya daidaita masa ƙafar baya, sannan ya zauna a ciyawa kamar wanda ya tuna wani abu.

"Baba! Baba!"

"Ku ba shi iska! A kira motar asibiti!"

Desmond ya durƙusa, ya kwance masa maɓallin wuya. "Orville, kai, tsohon banza, buɗe ido. Ban gama ba tukuna. Ban nuna ba!"

Tug ya shiga haushi yana ture masu ɗaukar mara lafiya, dole wani ya ja shi waje. Da motar ta tafi, mai kula da fili ta matso a hankali.

"Ka yi haƙuri, Mista Pruitt. Karen ya fita kafin hukunci. Ka san doka, wanda ya fita ya faɗi."

Ya san ta, shi ya koya wa rabin ma'aikatan filin ita. Ya miƙa wa saurayin Fargo shuɗin ƙyallen na ɗaya, saurayin ya karɓa yana kallon ƙasa.

Orville bai kai asibiti ba.

Marlys ba ta yi wa Desmond magana a wurin jana'iza ba. Bayan sati ta kawo Tug da buhun abincinsa da mataji, ta ce gidan da take haya ba a yarda da kare.

"Da ma Tug za ka ba ƙyallen?" ta tambaya daga bakin ƙofa, ba ta kalle shi ba.

"Tun da na taɓa kafaɗarsa."

"Baba ne ya kamata ya ji wannan."

Ta tafi. Desmond ya zauna a kan matakalar baranda, karen ya kwanta ya ɗora masa kai mai nauyi a kan takalmi. Ya ɗauki matajin. Akwai silin farin gashin mutum maƙale a cikin baƙin gashin karen, sai ya fara tajewa daga ɗaya gefen.