Sarauniyar da Ta Nutse a Littafi na Uku

Wata biyu da rasuwar Yaya, Auta ta koma aiki, ta tarar an tura kujerarsa bayan injin buga takarda an ɗora mata kwalaye. Ta kalle ta, ta wuce teburinta. Ko gezau ba ta yi ba.

Ƙaramin kamfani ne mai buga littattafan wasan tebur, irin wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari, mai jan wasa ya faɗi abin da ya same su, a jefa ɗan ludo a ga ko sun tsira. Yaya ne ya ƙirƙiro duniyar wasan, tsibirai bakwai da sarakunansu. Aikin Auta, shekara tara ke nan, shi ne tsare tarihin duniyar: wa ya mutu, a wace shekara, wa ya haifi wa. Duk marubucin da ya tayar da matacce, jan bironta na jiransa.

Manaja ya kira ta ofis.

"Masu yin fim ɗin zane a kan wasanmu sun aiko da labarinsu. Sarauniyar Gishiri suke so, da ranta."

"Ta mutu a littafi na uku. Jirginta ya nutse."

"Na sani. Masu wasan waya kuma sun ɗora 'yarta a kan mulki. Wasu masu saye za su ce mun ci amanar littafi, wasu ko a jikinsu. Da yana nan, shi zan tambaya." Ya sosa gemu. "Yanzu wuƙa da nama suna hannunki."

"To," in ji ta.

Kwana uku tana buɗe shafin nutsewar sarauniyar tana karantawa. Kalmomin Yaya ne, amma kamar takardar da ke cikin kwalin magani take karantawa. In an tashi ta tashi, in an ba ta shayi ta sha.

Ranar Asabar da rana ta tafi shagon Tela, inda Yaya ya shekara ashirin yana ja wa tsofaffin abokansa wasa, ita kuwa ba ta taɓa leƙawa ba. Ta same su su uku: Tela, Mai Kemis, da Dogo wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Sun ture yadudduka gefe, sun shimfiɗa taswira a kan teburin yanka, an danne kusurwarta da almakashi. Ba wasa suke yi ba. Sabo ne kawai ke kawo su.

Bayan gaisuwa ta faɗa musu abin da ke tafe da ita. Suka kalli juna.

"Wace sarauniya?" in ji Dogo. "Mai kwalekwale?"

"Wadda ta nutse, Baba."

"Ai a nan ba ta nutse ba, 'yata," in ji Tela. "Ta fita da iyo, ta ajiye mulki, ta koma fito. Sau uku tana ƙetarar da mu. Mai Kemis ma ya nemi aurenta."

"Ɗan ludo ya ci amanata," in ji Mai Kemis. "Ɗaya ya ba ni."

"Yaya da kansa ya yi haka?"

"Shi mana. Na taɓa ce masa littafi fa ya kashe ta. Ya ce littafi aikin ƙanwata ne, kada wanda ya kuskura ya faɗa mata."

Suka yi dariya kaɗan, ta mutu musu a baki. Auta ta tsaya tana jiran haushi ya zo, ko kuka. Shekara tara tana gadin ƙofa, ashe mai gidan ta taga yake shiga. Haushin bai zo ba, kukan ma haka. Sai ta lura an rubuta sunan wani tsibiri ba daidai ba a taswirar, da rubutun Yaya. Ta bar shi.

Tela ya tambaya ko za ta ja musu wasan, ko da sau ɗaya. Ta ce ba ta iya ba, ita dai ta san waɗanda suka mutu.

Ranar Litinin ta rubuta wa Manaja layi biyu: masu fim su bar sarauniya da ranta, masu waya su riƙe 'yarta, littafi na uku kuma kada a taɓa shi. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Kin tabbata?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Aika musu."